Tafinta a Shari'ar Maigadin Mesaimeer

Tuƙi ne ya kai ni Doha, ban je don aikin tafinta ba. Wani iyali nake wa direba a Al Thumama, a shekarun da unguwar rabinta gidaje ne, rabinta fili da tarin bulo. Sai dai na yi Islamiyya a Zariya har na iya Larabcin littafi, zaman mota da yaran kafil ɗina, wato mai gidan da ya ɗauko ni aiki, ya ƙara mini na baki. Shi ya sa duk ɗan'uwanmu da ya samu matsala a asibiti ko a ofis, ni ake bugo wa waya.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci muna haɗuwa a wani ɗaki a unguwar Mesaimeer, can bayan layin shaguna. Masu gadi ne ke kwana a cikinsa, a gadajen ƙarfe masu hawa biyu. Babba a ɗakin wani dattijo ne mutumin Haɗeja, ya fi kowa daɗewa a ƙasar, Baba muke ce masa. Shi ke tuƙa mana tuwo, shi ke raba nama, kuma duk wanda zai dawo daga hutu gida ta hannunsa saƙo ke bi: kuka, daddawa, kilishi, maganin shawara. Babu mai tambayar abin da ke cikin ƙulli in ba nasa ba ne.

A cikin masu gadin akwai wani ɗan Gusau, dogo, marar surutu, wanda ke gadin shagunan da ke gaban ɗakin. Yakan gama aikinsa ya karɓi na wani, ya kwana biyu a tsaye, mu kuma mu yi ta yaba ƙoƙarinsa. Daga baya ya rage cin abinci. Idanunsa suka yi ja. Wata Juma'a na tarar ya rufe madubin da ke jikin ƙofa da tawul, da na tambaya sai Baba ya ce mini, "Rabu da shi, gajiya ce."

Ba a daɗe ba, wata rana bayan la'asar, ya ɗauki kujerar ƙarfen da yake zama a kai ya rotsa gilashin wani shagon waya. Bai ɗauki komai ba, bai kuma gudu ba. Ya tsaya yana nuna fasassun gilasan, yana cewa akwai mutum a ciki da ke kallonsa tun safe. 'Yan sanda suka zo suka tafi da shi, suka samu ƙwayoyi a aljihunsa, irin waɗanda wasu ke sha don kada barci ya ɗauke su.

Makonni suka wuce ba mu ji komai ba, sai aka kira ni aka ce ana bukatar mai jin Hausa a kotu. Kafil ɗina ya ba ni izini da kyar, ya ce in tabbata sunan gidansa bai shiga cikin maganar ba. Kafin in tafi na biya Mesaimeer. Baba ya raka ni har bakin mota, ya dafa ƙofar ya ce, "Malam, ka je, amma ka san abin da za ka juya musu. Ba kowace magana ce ke da Larabci ba."

Na ce masa to. A hanya ne na fara tambayar kaina me ya sa dattijon ya damu haka.

Na zaci babban zaure zan gani, da akwatin mai laifi da 'yan kallo. Ƙaramin ɗaki aka shigar da ni. Alƙali na zaune a bayan tebur, dattijo mai furfura a gemu, a gefensa wani likitan ƙwaƙwalwa, sai wata mata da aka ce aikinta bin halin da masu laifi ke ciki. Aka shigo da ɗan Gusau ya rame, an aske masa kai. Ya kalle ni kamar bai taɓa ganina ba.

Tambayar farko da alƙalin ya yi ita ce, "Tambaye shi, yana samun barci yanzu?"

Na fassara ina mamaki. Kotun da na sani a gida, abin da ka yi ake tambayarka, da inda shaidunka suke. Na ce a raina wannan lallashi ne, so ake ya saki jiki ya faɗi sunaye. Ɗan Gusau ya ce yana barci kaɗan-kaɗan. Aka tambaye shi yaushe ya fara shan ƙwayar, ko mutumin cikin gilashi yana yi masa magana, ko a danginsu akwai mai irin wannan larura. Ya amsa wasu, ya yi shiru a wasu. Ina fassarawa ina jiran tambayar da na tabbata za ta zo, wato wa ke ba shi ƙwayar, amma har aka tashi ba a yi ta ba.

A ƙarshe alƙalin ya ce likita ya tabbatar masa mutumin nan ba shi da lafiya, ƙwayar da rashin barci sun taɓa masa hankali, kuma doka ta ba shi damar tura irinsa asibiti maimakon kurkuku. Zai zauna a sashen masu larurar ƙwaƙwalwa, za a riƙa gwada fitsarinsa, lokaci-lokaci kuma a dawo da shi wannan ɗakin a ga yadda yake. In ya bi, za a rufe shari'ar. In ya ƙi, hukunci na nan yana jiransa. Ya dube ni ya ce, "Ka fahimtar da shi sosai. Ba sakinsa na yi ba."

Da na kai labari Mesaimeer babu wanda ya yarda. Wani ya ce baƙo ɗan aikin gadi ba ya fasa shago a ƙasar nan a ce masa je ka sha magani. Wani ya ce allura za su riƙa yi masa har ya faɗi duk abin da ya sani. Wani kuma ya ce ai ɗan Gusau lafiyarsa ƙalau, wayo ne ya yi musu, ya gane cewa mahaukaci ba ya zaman kaso. Da suka gama sai Baba ya tambaye ni, "Sun ambaci ɗakin nan?"

Na ce ba su ambata ba.

Ya ce, "Ko sun ambata ba ka ji ba."

An yarda a ziyarce shi da rana. Nakan je in na sauke yara a makaranta. Gini ne mai tsabta, ƙofa bayan ƙofa, kowace sai an buɗe maka. A can na haɗu da wata nas 'yar Jos, Kirista ce, Hausarta ta fi tawa zaƙi. Sista muke ce mata. Ita ce ta gano cewa ɗan Gusau ba ya haɗiye maganinsa, a kumatu yake ɓoyewa, ta zauna da shi ta yi ta yi masa bayani da harshen da yake ji har ya fara sha. Ya kamata in ji daɗin samunta, amma ban saki jiki da ita ba. Duk lokacin da muke hira da shi sai in ga ta zo gyara labule ko duba wani abu kusa da mu. Wata rana na kasa daurewa na ce, "Sista, abin da muke faɗa a nan yana kaiwa wurin alƙali?"

Ta ce, "Abin da ya shafi lafiyarsa yana kaiwa wurin likita, likita kuma yana magana da alƙali. Ban ɓoye masa ba, kai ma ba zan ɓoye maka ba."

Na ce, "Wanda bai shafi lafiyarsa ba fa?"

Ta ce, "Malam, a nan komai ya shafi lafiyarsa."

Ta yi murmushi ta wuce, ni kuwa amsar ba ta kwantar mini da hankali ba.

Shi ma ɗan Gusau na riƙa lura da shi. Wata rana zai yi mini hira tiryan-tiryan, ya tambayi labarin ƙwallo, ya tuna mini da wani abin dariya da ya faru a ɗaki. Da zarar likita ya shigo sai ya sunkuyar da kai, maganarsa ta koma guntu-guntu. Sai maganar mutumin nan da ya ce wayo ne ta dawo mini. Amma kuma na taɓa samunsa a zaune ya juya wa taga baya, gumi na zuba, ba wanda ke kallonsa sai ni da na shigo ba sallama. Ban ga yadda mutum zai ƙirƙiri wannan gumin ba.

A zama na biyu ko na uku a gaban alƙali, likita ya ce ana samun ci gaba. Alƙalin ya yaba masa, har ya ce ya ga ya yi ƙiba. Na juya masa da Hausa. Ɗan Gusau bai kalli alƙalin ba, ni ya kalla, ya ce a hankali, "Malam, kai ma da su kake?"

Alƙalin ya ce, "Me ya ce?"

Na tuna da gargaɗin Baba. Na kuma tuna cewa Sista na tsaye a bakin ƙofa, ita ta rako shi, kuma ta ji. Na ce, "Ranka ya daɗe, tambayata yake ko ni ma tare da ku nake."

Alƙalin bai yi dariya ba. Ya ce, "Gaya masa kai bakinsa ne, kai kuma kunnena ne, ba ka da wani aiki bayan wannan. Ni ne nake da hukunci, in zai ji tsoro ni zai ji." Na faɗa masa. Ya gyaɗa kai, amma ranar har aka fita da shi bai sake kallona ba.

A Mesaimeer ma abu ya canja. In na yi sallama sai hira ta mutu. Wani da muke wasa da shi ya fara ce mini "ɗan gwamnati", ana dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Na lura an daina buɗe ƙullin saƙo a gabana. Baba yana zuba mini tuwo kamar kullum, har ya ƙara mini nama, sai dai ya yi ta jefo mini tambayoyi. Wa da wa suke zama a ɗakin shari'ar? Ana rubuta abin da na faɗa? Matar nan mai bin halin masu laifi ta taɓa cewa za ta zo ta ga inda yake kwana?

Ta kuwa faɗa, kuma ta zo, da rana tsaka, ita da wani ma'aikaci. Ta ƙirga gadaje da ido, ta tambayi awa nawa suke tsayuwa, ta tafi. Ban san da zuwanta ba sai daga baya, amma a ɗakin an riga an yanke cewa ni na kawo ta.

Ana cikin haka, wata safiya na je ziyara da kwanon dambu da matar wani abokina ta yi masa. Mai tsaron ƙofa ya karɓi kwanon ya shiga da shi ciki, abin da bai taɓa yi ba. Can Sista ta fito ba fara'a, ta ce in biyo ta wani ofis. Ta rufe ƙofa ta ce an samu ƙwayar a fitsarinsa.

Na ce, "A cikin asibitin nan? Ta ina?"

Ta ce, "Abin da nake so in tambaye ka ke nan. Masu zuwa wurinsa ba su da yawa. Kai ne, sai dattijon nan, sai wani abokin aikinsa da ya zo sau ɗaya."

Ban san Baba na zuwa ba. Bai taɓa faɗa mini ba, kuma a gabana ya sha cewa shi ba zai taka wurin da ake rubuta sunan mutum a ƙofa ba. Na ce mata in za ta rantsar da ni ta rantsar. Ta ce rantsuwa ba aikinta ba ne. A gabana ta sa cokali ta yi ta juya dambun, ta duba har gindin kwano. Ina tsaye ina kallo, raina na tafasa, ina kuma tunanin ai ma'aikata ma suna shiga suna fita, su wa ke juya nasu kwanon? Na faɗa mata haka. Ta ce, "Ana dubawa. Ni ma an buɗe jakata yau."

Aka kira zama na gaggawa. Na shiga ɗakin ina da tabbacin yau za a tura shi kurkuku, wataƙila ni ma a tsare ni. Likita ya yi bayani, ya ce koma baya irin wannan ba baƙon abu ba ne a wannan ciwo. Alƙalin ya juya ga ɗan Gusau, ya yi tambayar da nake jira tun ranar farko. "Wa ya kawo maka?"

Na fassara. Ɗan Gusau ya ce, "A banɗaki na tsinta."

Na juya da Larabci kamar yadda ya faɗa. Alƙalin ya ce, "Gaya masa ban yarda ba." Na gaya masa. Ya sake cewa a banɗaki ya tsinta. Alƙalin ya ce binciken wanda ya kawo aikin 'yan sanda ne, zai tura musu, shi abin da ke gabansa shi ne mutumin da ya haɗiye. Ya ƙara masa watanni, ya hana ziyara da abincin waje, ya ce in aka sake, ba sai an dawo da shi ɗakin nan ba, kai tsaye za a wuce da shi. Da muka fito, matar nan mai bin halin masu laifi ta ce mini kada in yi tafiya ba tare da na sanar ba. Ta faɗa cikin ladabi, amma na gane.

Ranar ban jira Juma'a ba, na wuce Mesaimeer. Na samu Baba shi kaɗai yana tsince shinkafa a tire. Na ce, "Baba, ashe kana zuwa asibiti."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Uwarsa ta bugo mini waya tana kuka, ta ce in je in gan shi da idona. In faɗa maka ka kai musu?"

Na ce, "Me ka kai masa?"

Ya ce, "Goro da carbi. Kai me kake kai masa kullum a kwano?"

Ya ture tiren gefe ya ce shekarunsa a ƙasar nan bai taɓa shiga ofishin 'yan sanda ba, sai da na fara kai-komo tsakaninsu da hukuma aka san ɗakin. Na ce ba ni na fasa gilashi ba, ba ni kuma na riƙa karɓar ƙulli daga gida ba tare da dubawa ba. Ya ce in fita. Daga baya 'yan sanda sun kira ni, sun kira shi, sun kira abokin aikin nan, kowa aka yi masa tambayoyi aka sallame shi. Ba a kama kowa ba. Abokin aikin ya nemi canjin wurin gadi ya koma wata unguwa mai nisa, wasu suka ce wannan ya nuna shi ne, wasu suka ce tsoro ne kawai.

Daga nan sai a ɗakin alƙali nake ganin ɗan Gusau. Gwaji ya riƙa fitowa da tsabta. Fuskarsa ta ciko, ya fara amsa tambaya kafin in gama juyawa, don ya tsinci Larabci a wurin marasa lafiya. A zaman ƙarshe alƙalin ya ce ya cika abin da aka ɗora masa, an rufe shari'a. Ya ce, "Khalas," wato an gama, ya miƙo masa hannu ta saman tebur. Ɗan Gusau ya tsaya yana kallon hannun, sai da na taɓa shi sannan ya karɓa.

Sai dai kamfanin gadin ya ce ba zai mayar da shi aiki ba, kuma wanda kafil ya saki ba shi da zama a ƙasar. Matar nan ta ce ta yi magana da su ba su ji ba. A Mesaimeer aka ce, "Mun faɗa. Da ma kora ce, sun dai bi da shi ta doguwar hanya." Na ce musu ai da an kore shi tun farko da a ɗaure zai sauka a gida, yana magana da gilashi. Suka ce da ma me zan ce, ni da nake na hukuma.

Ana gobe zai tafi na ɗauke shi muka je Corniche da yamma. Iska na kaɗawa daga teku, jiragen katako na jere a bakin ruwa, iyalai na ta yawo da yara. Sista ta haɗa masa maganin da zai tafi da shi, ta kuma gaya masa asibitin da zai nema in ya isa. Muka zauna a kan dakali muna shan shayi. Na ce, "Ɗan'uwa, yanzu an gama, ba alƙali ba likita. Wa ya kawo maka ƙwayar a asibiti?"

Ya ce, "Wani marar lafiya ne a ɗakin da ke kusa da nawa. Ƙaninsa ke kawo masa a cikin safa."

Na ce, "Me ya hana ka faɗa? Ka bar mu muna zargin juna."

Ya ce, "Da na faɗa, kurkuku za su kai shi. Shi an riga an yi masa gargaɗin ƙarshe."

Amsar ta zauna daidai, har daidaiton nata ya sa ni shakka. Na kalle shi ina neman alamar da zan kama, shi kuwa yana hura shayinsa yana kallon jiragen. Na ce, "Ba Baba kake karewa ba?"

Ya ce, "Malam, ka tambaye ni na faɗa maka. Ni ma na daɗe ina zaton kai ke kai rahotona."

Na ce, "Yanzu fa?"

Ya ce, "Yanzu ban sani ba. Amma ka zo ka ɗauke ni."

Washegari na kai shi filin jirgi. Baba bai zo ba, ya aiko masa da sabuwar hula. Bayan kamar shekara ɗan Gusau ya bugo mini waya, ya ce yana taya yayansa sayar da kayan babur, yana kuma zuwa asibiti karɓar magani in ya samu hali. Muryarsa ta yi mini daidai, amma a waya ne. Baba ya koma Haɗeja kafin ni in bar ƙasar, mun gaisa a masallaci sau da dama ba mu sake tayar da maganar ba. Juma'ata ta koma wani ɗaki a wata unguwa, wurin direbobi 'yan Katsina, su shinkafa da wake suke dafawa.